Hannun Rahmatu

A gidan suna na fara jin maganar. Mata sun cika tsakar gida, ana rabon waina, sai wata ta ce ai Rahmatu mai ƙosai ta gama samun Aljannarta tun tana duniya. Wai injin markaɗen Alhaji Dabo, yayan mijinta marigayi, ya kama mata hannu, aka ce za a kai ta asibiti, ta ce a'a, ba za ta ɗora wa gidan miji nauyi a wannan tsadar ba. Wai ta ce abin da Allah ya rubuta ne, ta yafe duniya da lahira. Mata suka yi ta "Allah sarki," wata har da share hawaye da bakin mayafi, sannan ta miƙa hannu a ƙara mata miya.

Ni shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa a firamaren garinmu kafin na yi ritaya. Abin da aikin ya koya mini shi ne, in an ce yaro ya amsa laifinsa da kansa, sai na duba wa ke tsaye a bayansa da bulala. Don haka na tambaya wa ya ji maganar daga bakin Rahmatu. Wannan ta ce a wajen waccan ta ji, waccan ta ce a bakin rijiya. Da na bi zaren har ƙarshe, sai ya tsaya a kan mutum ɗaya, Hajiya Larai, matar Alhaji Dabo.

Washegari da hantsi na ɗauki sandata na tafi. Rana ta biyar ke nan da faruwar abin.

Sashen Rahmatu yana can ƙuryar gidan, bayan turken awaki. Tun da mijinta Iliyasu ya rasu take zaune a nan da 'ya'yanta uku, tukunyarta daban, ƙosai ne cinsu, shi ne suturarsu. Na same ta a kwance a kan tabarma. An ɗaure hannun daman tun daga wuyan hannu har gwiwa da kara da tsumma, an ɗaure tam, yatsun sun leƙo a kumbure suna ƙyalli. Hajiya Larai na zaune a bakin ƙofa tana tsince shinkafa.

"Sannu Rahmatu. Yaya jikin?"

"Da sauƙi," in ji Hajiya Larai. "Ja'afaru mai ɗori ya ce karaya biyu ce, kwana ashirin da ɗaya za a kwance. Kin san hannunsa, Malama, ko doki ya ɗora sai ya tashi."

"Ita na tambaya, Larai. Taimaka mini da ruwa, mai sanyi, na randarki ba na nan ba."

Ta ajiye shinkafar ta tashi. Na matsa kusa.

"An ce kin ƙi asibiti."

Rahmatu ta dube ni, idanun sun yi ja. "Inna Malama, ni wa ya tambaye ni? Na farfaɗo na ga Ja'afaru a kaina yana ja."

"An ce kin yafe."

"Ni dai na san na yi ta salati. Ko a cikin salatin suka ji yafiyar, ban sani ba."

Ta ba ni labarin a gajarce, tana yi tana cije leɓe. Ranar da sassafe ta kai wakenta markaɗe kamar kullum. Tun da aka cire tallafin mai, fetur ya fi ƙarfin kowa, Alhaji ya sallami mai kula da injin ya koma tsayawa da kansa. Bel ɗin injin ya tsufa, yana yawan zamewa, sai Alhaji ya cire murfin ƙarfen da ke rufe shi don kada ya riƙa kwancewa yana ɗaurawa. Ta sunkuya za ta gyara robar da ƙullun ke zuba, bel ya kama gefen mayafinta, ya ja hannun ciki. Sai da wani ƙarfe ya karye injin ya tsaya.

"Kin biya kuɗin markaɗen ranar?"

Ta yi wani ɗan murmushi mai ciwo. "Yaushe na taɓa markaɗe kyauta? Ranar ma an ƙara kuɗi, sai da na kwance bakin zani na cika kafin Yaya ya zuba waken. Kullum cewa yake kasuwa daban, zumunci daban."

Wannan maganar ce ta tuna mini da takardar.

Shekara uku da suka wuce, Dabo ya zo gidana da wata takarda mai shafi huɗu da Turanci, ya ce in karanta masa a tsakaninmu. Bankin da ya ba shi injin ne ya tilasta masa yin inshora, in ba haka ba babu inji. Na karanta masa layi-layi. Kashi biyu ce. Kashin farko na injin ne, in ya lalace ko ya ƙone. Kashi na biyu na mutane ne: in wani da ya zo a yi masa aiki ya ji rauni a wurin, kamfanin zai biya magani da diyya, muddin ba ma'aikacin wurin ba ne, ba kuma wanda ke ci a tukunyar mai injin ba, muddin kuma an sanar da su cikin kwana talatin. Ya roƙe ni kada kowa ya ji, domin yayansu Malam Usaini, mai makarantar allon ƙofar gidan, ya sha faɗa a wa'azi cewa inshora caca ce da ƙaddara. Na riƙe masa sirrinsa shekara uku, domin ba ya cutar da kowa. Amma na rubuta sunan kamfanin da adireshinsu a littafina, domin ni haka nake, ba na karanta abu in bar shi ya tafi duka.

Daga ɗakin Rahmatu rumfar injin na wuce. Injin yana ta ruri. Bel ɗin a buɗe yake kamar yadda ta ce, murfin yana jingine da bango an ɗora masa buta. Ƙarfe ɗaya a jikin injin sabo fil, yana ƙyalli a cikin sauran da suka yi baƙi. Dabo ya gan ni, ya kashe injin, ya rusuna. Ni na koya masa ƙidaya a aji uku, don haka ba na haɗa sunansa da Alhaji.

"Dabo, ina takardar nan?"

"Wace takarda, Malama?"

"Wadda ka zauna a tabarmata kana gumi ina karanta maka."

Ya waiga hagu da dama. "Ai wannan ta mutu tuni. Wa ke da kuɗin sabunta irin wannan a yanzu? Ko da tana nan ma, ke da kanki kika karanta, ban da 'yan gida. Rahmatu kuwa 'yar gida ce."

"A tukunyarka take ci?"

"Matar ƙanena ce."

"Ranar da abin ya faru, ka karɓi kuɗinta ko ba ka karɓa ba?"

"Malama, wannan ai sana'a ce."

"To a gaban injin baƙuwa ce, a cikin bel ɗin ta zama 'yar gida?"

Ya ce wallahi yana ƙoƙari. Shi ya biya Ja'afaru, shi ya sayi zakaran da aka yanka, kullum Hajiya tana aika kunu. Ya ce asibiti yanke hannu kawai suka sani, kowa ya san haka. Ya ce in an je can za a yi ta tambayoyi, a kawo 'yan sanda, a rufe injin da unguwa uku ke markaɗe a cikinsa, a wannan yunwar. Na ce ya mayar da murfin tukunna kafin ya ci gaba da yi mini lissafin alherinsa. Ya ce zai mayar. Na juya, ya tayar da injin.

Rana ta tara na koma. Yatsun sun tashi daga ja sun koma shuɗi-shuɗi. Rahmatu ta ce ba ta barci, kamar ana hura wuta a cikin ƙashin. Kaskon ƙosai yana kife a gindin bango, kaji suna hawa. Yaran suna cin abin da Hajiya Larai ta aiko, wata rana ta aiko, wata rana ta manta.

Rana ta goma sha biyu tun daga turken awaki na ji warin. Na tarar da Ja'afaru ya zo duba aikinsa. Na ce ya kwance mu gani.

"A kwance ɗori kafin kwanansa? Haba Malama. Ubana bai taɓa yi ba, kakana bai yi ba. Wannan warin magani ne, yana cin mugun jini."

"Taɓa mata wannan yatsan."

Ya taɓa. Na ce, "Kin ji?" Rahmatu ta girgiza kai.

"Ka gani? Ba ta ji."

"Ai sauƙin ke nan. Da zafi take ji, yanzu ya daina." Ya tofa addu'a, ya shafa wani baƙin mai a kan tsumman, ya ɗauki jakarsa.

Na wuce wajen Malam Usaini, tun da shi ne babba a gidan. Yana kan buzunsa a zaure. Muka gaisa, ya yi mini ta'aziyyar wata ƙanwata da ta rasu bara, na amsa, sannan na ce hannun Rahmatu yana ruɓewa, a kai ta birni yau. Ban faɗi maganar takarda kai tsaye ba. Na ce a misali, da a ce akwai wani kamfani da zai ɗauki nauyin maganin fa?

Ya ɗaga hannu. "Wa'iyazu billahi. Mutum ya biya kuɗi yana jiran musiba ta sauka don ya ci riba? Gidanmu ba a cin wannan."

"To mu bar kamfani, Malam. Diyya fa? Ita kam ba Bature ya kawo ta ba, kai ka fi ni sanin inda take. Ga bijimai biyu a turken Dabo. A sayar da ɗaya a kai ta asibiti."

"Da damina a bakin ƙofa? Da me zai yi huɗa? Kuma Malama, diyya tsakanin wa da matar ƙane, ai abin kunya ne. Yafiya ta fi lada."

"Yafiyar ta wa ce? Na ɗauka mai hakki ke bayarwa. Ban san mai laifi ne ke ɗebo wa kansa ba."

Ya yi murmushi irin na wanda ya saba a yi shiru in ya yi magana. "Boko ya yi miki yawa, Malama. Mace tana ƙarƙashin gidan nan, ba za ta fita ba sai da izinin masu gidan. A yi haƙuri, saura kwana tara a kwance."

Na zauna da laifina kwana uku ina tunanin ko za su ji kunya. Wannan kwana ukun har yau yana damuna. Rana ta goma sha shida na tarar da ita tana zazzaɓi, tana kiran Iliyasu, baƙin ya haura tsumman ya wuce gwiwa. Na koma gida, na sa aka ja tunkiyata zuwa kasuwa, na aika aka kira mini mai mota daga tashar Minjibir. Bayan azahar motar ta tsaya a ƙofar gidan, daidai lokacin da maza suka dawo daga masallaci suka zauna a dakali.

Na shiga na ce, "Rahmatu, ina tambayarki a gaban Larai. Kina son zuwa asibiti?"

"Ina so, Inna. Tun ranar farko nake so."

"Larai, kin ji da kunnenki? In za ki kai bakin rijiya, wannan za ki kai."

Na riƙe ta ta gefen hagu, wata maƙwabciya ta riƙe ƙugunta, muka bi ta zaure. Ba mu bi ta ƙofar baya ba, ko da yake ta fi kusa. Dabo ya miƙe.

"Malama, da izinin wa?"

"Da izinin mai hannun."

"In aka yanke shi, ke kika jawo."

"Matso ka shaƙa, Dabo. Matso mana, ai warin magani ne."

Bai matso ba. Cikin mazan da ke dakalin babu wanda ya ɗaga kai. Wani ya ja hularsa ya toshe hanci a hankali, kamar yana gyara ta.

A asibitin ƙashi na birni, da ma'aikaciyar jinya ta yanke tsumman, sai da ta juya baya. Likitan, wani matashi mai sanyin murya, ya tambayi kwana nawa. Na faɗa masa. Ya ce karayar ba wata babba ba ce, ɗaurin ne ya hana jini wucewa. Ya ce da an zo a makon farko, da yanzu tana gida da filasta. Ya ce yanzu zaɓi biyu ne, hannun ko ran. Washegari, rana ta goma sha bakwai, aka yanke shi daga saman gwiwa.

Da ta farfaɗo ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallon wurin. Sannan ta ce, "Inna, da wanne zan buga ƙullu?" 

Kwana uku bayan haka na bar ta da ƙanwarta da ta zo daga Tsanyawa, na buɗe littafina, na hau Keke Napep zuwa adireshin nan. Ofis ne ƙarami a saman bene, fanka ba ta juyawa. Wani saurayi mai suna Kamilu ne a teburin. Ya ga tsohuwa da sanda, ya fara yi mini magana da ƙarfi a hankali kamar kurma. Na amsa masa da Turancin da aka koya mana tun kafin a haifi uwarsa, sai ya gyara zama ya ba ni kujera.

Na faɗi sunan Dabo da garinmu, na ce ina so in san ko takardarsa ta mutu.

"Ta mutu? Hajiya, ai banki ba ya bari ta mutu, a cikin biyan bashinsa ake cirewa. Ai kwanan nan ma Alhajin ya zo." Ya jawo fayil. "Ga shi. Ƙarfen injinsa ya karye, ya cike fom, mun amince a biya shi gyaran."

"Yaushe ya zo?"

Ya faɗi ranar. Na ƙidaya a yatsuna. Rana ta uku ce.

"Me ya ce ya karya ƙarfen?"

"Tsumma ya shiga bel."

"Tsumma," na ce. "To akwai hannu a cikin tsumman. Yana asibitin ƙashi, ko in ce mai shi tana can. Shi hannun an binne shi shekaranjiya."

Kamilu ya ce shi bai kamata ya nuna wa kowa fayil ɗin wani ba. Sannan ya ce bari ya ɗebo mini ruwa, ya tashi, ya bar fom ɗin a buɗe yana fuskantata. Na sa tabarau. Tambaya ta bakwai tana cewa, ko wani mutum ya ji rauni a wannan hatsarin? An rubuta A'A da manyan baƙaƙe. A ƙasa ga sa hannun Dabo, da wannan "D" ɗin mai ƙaton ciki da na yi shekara guda ina fama ya gyara bai gyara ba. Na kwafe komai a littafina, har lambar fom ɗin.

Da ya dawo na tambaye shi abin yi. Ya ce a ƙa'ida mai takardar ne ke sanarwa, amma in wadda ta ji raunin ta rubuto da kanta kafin kwana talatin su cika, dole su karɓa su buɗe bincike, su tura mutum ya ga wurin. Ya ce cire murfin ba zai hana a biya ta ba, domin irin wannan sakacin aka yi takardar. Abin da zai ba Alhaji wahala shi ne amsar tambaya ta bakwai.

A gadon asibiti Rahmatu ta faɗa, ni na rubuta. Ban ƙara mata ko kalma ɗaya ba. Na so in sa "cikin girmamawa" a farko, ta ce in cire. Ta dangwala da babban yatsan hagu, likitan ya haɗa da tasa takardar, Kamilu ya buga hatimin karɓa a rana ta ashirin da biyu. Ya ce mutuminsu zai zo garinmu bayan mako biyu.

Labari ya riga mu isa gida. Ranar da aka sallame ta muka dawo, Hajiya Larai ta tarbe mu da farfesun kaza, abin da Rahmatu ba ta gani ba tun arba'in ɗin Iliyasu. An share ɗakin, an sa sabuwar tabarma. An mayar da murfin bel, har an shafa masa fenti. Kwana biyu bayan nan aka aiko cewa ana son ganin Rahmatu a zaure bayan la'asar, za a yi zaman sulhu. Ba a gayyace ni ba. Na je da littafina.

Malam Usaini yana kan buzu, mai unguwa a gefensa, Dabo, Ja'afaru, da dattawa huɗu. Mata sun taru a bayan ƙofar cikin gida suna leƙe. Rahmatu ta zauna a bakin ƙofa, mayafinta ya rufe kafaɗar da babu komai a ƙasanta. Malam ya buɗe da addu'a, ya yi doguwar magana a kan haƙuri da zumunci da marayun Iliyasu, waɗanda ba su da wani uba sai Alhaji. Ya ce an ji wasu sun kai sunan gidan nan ofishin 'yan boko, amma ba za a tona wannan ba. Ya ce Alhaji, don kyautatawa, zai riƙa ba ta kwano biyu na gero duk Juma'a, kuma markaɗenta kyauta ne har abada.

"Markaɗen me, Baba Malam?" in ji Rahmatu.

Ya yi kamar bai ji ba. Mai unguwa ya fito da takarda da ɗan akwatin tawada. Ya karanta: ita Rahmatu ta shaida cewa 'yar gida ce, tana taya aikin injin ne ranar, ita ta ƙi asibiti da kanta, kuma ta yafe.

"Dangwalawa kawai za ki yi, 'yata," in ji shi. "Ai abin da kika riga kika faɗa ne, gari duk ya sani. Kawo hannun dama."

Sai da ya faɗa ya ji abin da ya faɗa. 

Rahmatu ta sa hannun hagu ta janye mayafin. Dungulmin yana naɗe da farin bandeji. Ba ta yi sauri ba, ta juya shi yadda kowa zai gani, har matan da ke bayan ƙofa.

"Ga shi, ranka ya daɗe. Wanda kuka ce ya yafe yana birni, an binne shi a bayan asibiti. Ku aika a tono shi ya dangwala muku."

"Rahmatu!" in ji Hajiya Larai daga ciki. "A gaban manya?"

"A gabansu na kwana goma sha shida ina wari, Yaya Larai, ba wanda ya ce a gaban manya." Ta juya wajen Dabo. "Yaya, shekara uku ina kawo maka wake, ko sau ɗaya ka taɓa cewa bar shi, ke 'yar gida ce? Ranar nan da kuɗina a aljihunka aka ɗauke ni daga ƙasa. Ban ƙi asibiti ba. Ban yafe ba. Geron ma ka riƙe."

Malam Usaini ya ce wannan zugar Malama ce, kuma duk wanda ya ci kuɗin inshora wuta ya ci, gidan nan ba a taɓa yi ba, ba kuma za a fara a kan matar Iliyasu ba.

Na ce, "Malam, an riga an fara." Na buɗe littafina na karanta ranar, da lambar fom, da ƙarfen da aka biya, da tambaya ta bakwai da amsarta. Na karanta da Turanci, na mayar da Hausa, don kada wani ya ce bai gane ba. Na ce wanda yake shakka ya jira mutumin kamfanin, zai zo da asalin takardar ranar Talata.

Malam ya juya ya dubi ƙanensa. "Dabo?"

Dabo yana kallon tabarma. Ya ce banki ne ya tilasta masa. Ya ce in da ya rubuta e, da an rufe injin. Ya ce shi ma yana da iyali, kuma shekarar ta yi wa kowa zafi. Mai unguwa ya rufe akwatin tawadarsa, ya naɗe takardar ya sa a aljihu, ya ce yana da baƙi a gida. Dattawan suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Rahmatu ta ja mayafinta da haƙori da hannun hagu, ta rufe kafaɗarta, ta tashi ba tare da kowa ya riƙe ta ba.

Mutumin kamfanin ya zo ranar Talata, ya auna, ya ɗauki hoto, ya yi tambayoyi, ya tafi. Maganar tana hannunsu har yanzu. Rahmatu ta koma Tsanyawa wajen ƙanwarta da yaranta, ƙanwar tana buga ƙullu, ita tana juya ƙosai da hagu. A gidan biki na makon jiya na sake jin wata baƙuwa tana ba da labarin matar nan mai haƙuri da ta yafe hannunta, don haka na zauna na rubuta wannan.

Rahmatu ba ta ƙi asibiti ba, ba a tambaye ta ba. Ba ta yafe ba. Ta biya kuɗin markaɗe ranar da injin ya kama ta. Takardar inshorar Alhaji Dabo tana da rai a ranar, kuma ta isa ta biya maganin. A rana ta uku ya je birni ya nemi kuɗin ƙarfen injinsa, ya rubuta cewa ba wanda ya ji rauni. A rana ta huɗu injin ya koma aiki. A rana ta goma sha bakwai aka yanke hannun Rahmatu.